Kashinath da Harshen Aro

Kashinath Tidke yakan ce duk ƙasar Nashik babu wanda sana'ar giya ta dace da shi kamarsa, tunda shi kaɗai ne ba zai shanye hajarsa ba. Yana saurin faɗin haka ne kafin a riga shi, don ya san tambayar da ke bakin duk wanda ya hangi carbin icen tulsi mai tsarki a wuyansa. Mai wannan carbi ya ɗauki alkawari: ba nama, ba giya, kuma duk faɗuwar damina zai taka da ƙafa zuwa Pandharpur, birnin ibadarsu, tare da ayarin masu ziyara na garinsu. Kakansa ya rataya, ubansa ya rataya, shi ma aka rataya masa tun gashin baki bai tsiro ba.

Gonar da ya gada a bayan Dindori ta albasa ce da inabin ci, farin nan mai zaƙi marar ƙwallo da ake jerawa a kwali a kai Turai. Hannun noma kam yana da shi. Idan ya juya ganye ya dubi bayansa, zai gaya maka ko ƙishi itacen yake ji ko shagwaɓa ce kawai. Da ya tsaya a nan, da ya tsufa cikin mutuncinsa ba wanda ya san da shi, kuma daga baya ya sha cewa hakan ma ba laifi ba ne.

Wani biki ne ya ɓata shi. Shekarar da gwamnati ta sassauta lasisin yin giyar inabi, aka gayyace shi ɗaurin aure a wani otal a cikin Nashik, ya ga kwalba a kan tebur ɗauke da sunan Prakash Gite da ruwan zinariya. Prakash ɗin nan benci ɗaya suka zauna a firamare, kuma duk lissafin da ya taɓa ci daga allon Kashinath ya kwafa. Kashinath ya yi ta juya kwalbar a hannu har shinkafarsa ta huce.

Da ya dawo gida ya tarar da matarsa Manda tana buga gurasar gero a bakin murhu.

"Ke Manda, shekara nawa ina noman inabi? Kin taɓa ganin sunana a jikin wani abu?"

"Aho, yana jikin duk kwanukan gidan nan," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. Matan wajenmu ba sa kama sunan miji, da "aho" suke kira, amma Manda tana iya cusa zagi guda cur a cikin wannan 'yar kalma. "Tun na aurenmu aka zana. A guda biyu ma mai zanen ya yi kuskure."

"Giya zan yi."

Sai a lokacin ta ɗago. Ta dubi fuskarsa, ta dubi wuyansa. "Wa zai sha?"

"Mutanen Mumbai."

"Me suka yi maka?"

Bai saurare ta ba. Ya tumɓuke rabin inabin ci, ya dasa Shiraz, baƙi ƙanana mai kaurin fata da ƙwallaye, wanda ko yaran maƙwabta da suka saba tsallako shinge sau ɗaya suka gwada suka bar masa kayansa. Ya kafa rumfar kwano, ya jera tankunan ƙarfe masu sheƙi. Ya ɗauko wani masani daga Pune, mai gyale a wuya cikin zafin Maris, wanda ya zagaya ya nuna masa yadda ake matsa da yadda ake zuba yis, sannan a bakin mota ya ce, "Sauran aikin na harshe ne, Tidke saheb. Kullum ka ɗanɗana. Harshenka zai gaya maka komai."

Kashinath ya ce to, ya gode, ya ɗaga hannu. Sai da motar ta ɓace sannan ya tuna da carbin wuyansa.

Ruwan inabi zai iya sha har ranar da ya fara kumfa. Daga nan kuma abin ya fita hannunsa, kamar wanda ya aurar da 'ya zuwa garin da aka hana shi shiga. Dole ya ari harshe, kuma a duk danginsu harshe ɗaya ne ya san hanya: na Uttam, ƙanin Manda, kwandastan motar gwamnati mai zirga-zirga tsakanin Nashik da Kalwan, wanda kowa ya san inda yake biyawa in ya sauka daga aiki.

Ranar da giyar farko ta nuna aka kira Uttam. Ya zo da rigar aiki, ya wanke hannu kamar zai shiga wurin ibada. Kashinath ya tsiyaya masa a kofin gilashi mai doguwar ƙafa, ya tsaya a kansa. Uttam ya ɗaga ya shanye tas, yadda ya saba. Ya runtse ido. Hawaye ya gangaro masa.

"Yaya?"

Uttam ya dubi mijin yayarsa, wanda a wajenmu ake ce wa "Daji", ya share ido da bayan hannu. "Daji... tana da ƙarfi."

"Ƙarfin kirki ko na tsiya?"

"Haba Daji, giya ai ƙarfi ake nema. Wannan in ta kama direbanmu sai ya kai fasinjojin Kalwan Gujarat."

Kashinath ya ji kamar an naɗa masa rawani. Tun daga ranar ya gane sirrin sana'a: ƙarfi. Kowace shekara sai ya ƙara barin inabin a rana har ya fara yamushewa, don zaƙi ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Kowace shekara Uttam ya zo, ya shanye, ya yi hawaye, ya ce ta bana ta fi ta bara.

Wajen suna kuma, ya ji cewa manyan masu giya na Faransa da "Shato" suke farawa, sai ya sa aka buga SHATO TIDKE da ruwan zinariya, harufan sun fi na Prakash girma. Mata suka yi ta tambayar Manda a bakin famfo wane ne Shato, ko ɗan'uwansu ne na Kolkata? Ta ce eh, shi ne mai hankalin cikinsu, shi ya sa ba ya zuwa.

Kafin kwalbar farko ta bar Dindori, labari ya kai kunnen Gangadhar Buwa, tsohon da ke jan ayarin ziyara. Shekaru da yawa Kashinath ne mai riƙe tuta a sahun gaba. Ana gab da tashi tsohon ya aika a kira shi, ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo shayi.

"Kashinath, an ce ka buɗe mashaya."

"Ba mashaya ba ce, Buwa. Manya da kansu sun ce giyar inabi ba barasa ba ce, amfanin gona ce, kamar albasa."

"Kamar albasa."

"Haka suka ce."

"To madalla. Kawo kofi ɗaya ka sha a gabana, ka ɗauki tutarka."

Kashinath ya dubi shayinsa, ya tashi ya tafi ba tuta. A shekarar, da duk waɗanda suka biyo baya, a can ƙarshen ayari ya yi tafiya, bayan motar da ke ɗauke da tukwane da buhunan gari, yana shaƙar hayaƙinta har Pandharpur. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ce ya matso. Abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya nuna. Yakan ce wa kansa Vitthal, abin bautar da ake zuwa ziyarta, yana ganin na baya kamar yadda yake ganin na gaba, sai dai na baya ya fi tari.

A Mumbai kuma matsalar juyewa ta yi. An shirya taron ɗanɗano a wani babban otal, kowane mai giya da teburinsa. Kashinath ya ɗinka kwat, ya tura carbin cikin riga, ya haddace irin abin da ya ji 'yan sana'a suna faɗa. Ya koyi juya kofi ba tare da ya fantsala wa kansa ba, ya koyi tura hanci ciki ya lumshe ido. Hanci dai ba ya cikin alkawari.

Wata dattijuwa, Madam Perin Batliwala, wadda ke sayo wa otal-otal da dama giya, ta tsaya a teburinsa. Ta kurɓa, ta juya a baki, ta tofar a bokiti da sauri fiye da yadda ya ga ta yi a sauran tebura.

"Ba ni labarinta," ta ce.

Ya gyara tsayuwa. "Madam, za ki ji ƙamshin baƙin 'ya'yan itace, da ɗan barkono, sai kuma jemammiyar fata daga ƙarshe."

"Fatar kam na ji. Takalmin waye?"

Ya yi dariya, don bai san me kuma zai yi ba. Ita ba ta yi ba. Ta ƙura wa wuyansa ido, inda carbin ya leƙo ta saman kwala.

"Tidke saheb, ka taɓa shan abin nan?"

Ƙarya ma ba ta cikin abin da carbi ya yarda da shi. "A'a, Madam."

"To kai ne mafi sa'a a ɗakin nan." Ta ciri ƙwaya ɗaya daga inabin da ya kawo don ado, ta tauna, sai ta tsaya cak. "Wa ya noma wannan?"

"Ni."

Ta nuna kwalbar. "Wa ya yi wancan?"

"Ni."

"Ka gaya wa na biyun ya daina cutar na farkon."

A jirgin ƙasa na komawa ya yi ta jinjina abin: a Dindori shi mashayi ne, a Mumbai waliyyi. Da ya isa gida ya kwashe labari ya gaya wa Uttam. Uttam ya sosa ƙeya ya ce tsofaffin matan birni ai ba su san giya ba. Kashinath ya yarda, domin hakan ya fi daɗin yarda.

Sai kasuwa ta faɗi. Shekarar da baƙi suka ƙaurace wa otal-otal ɗin Mumbai, manyan masu giya ma tankunansu cika suka yi suka ƙi raguwa, balle Shato Tidke. Girbi ya zo, babu inda za a zuba sabo. Prakash Gite ya sayar da komai ya buɗe gidan mai a hanyar Saputara. Kashinath ya kwance bakin tanki guda ya saki giyar cikin kwalbati, ya tsaya hannu a baya yana kallon tafiyarta. Ciyawar bakin kwalbatin ba ta sake tsirowa ba har damina ta zagayo.

Abin da ya riƙe gidan shi ne inabin cin da Manda ta hana a tumɓuke, sai kuma 'yan birni. Suka fara zuwa ranakun hutu, samari da 'yan mata, su cire takalma su shiga wani babban baho su tattake inabi ana ɗaukarsu hoto, suna ihu. Inabin da suke takawa wanda kasuwa ta ƙi ne, ana gamawa a juye a ramin taki. Kashinath yakan tsaya a gefe da farar hularsa yana kallo. Ya shiga sana'ar nan don bakin mutanen Mumbai, ga shi ƙafafunsu ne ke ciyar da shi.

'Yarsu ɗaya ce, Rutuja. Ta yi karatun kimiyya a Pune, ta kama aiki a kamfanin madara, sannan wata rana cikin Fabrairu ta dawo da akwatunanta ta ce ta gaji da warin nono. Da la'asar ɗin nan Kashinath yana rumfar tankuna. Ya tsiyayi kofi daga giyar bara ya ajiye yana jiran Uttam, wanda motarsu ta lalace a hanya. Rutuja ta shigo kawo masa shayi. Ta ajiye, ta tsaya tana kallon kofin. Sai ya ga ta kama shi ta ƙafa, ta juya shi cikin sauƙi, abin da shi ya sha wuya kafin ya koya, ta shinshina, ta kurɓa, ta ja iska ta tsakanin haƙora, ta tofar a magudana.

Kashinath ya ji mutum biyu sun tashi a cikinsa suna kokawa, uba mai carbi da mai giya. Uban ne ya fara yin galaba.

"Tun yaushe?"

"Tun ina shekara ta biyu a jami'a, Baba."

"Da wa?"

"Da ƙawaye. Ba kullum ba."

"Uwarki ta sani?"

"Ta sani."

"Jikar Tidke! Kakanki ya yi ta takawa zuwa Pandharpur har ƙafarsa ta tsage, ke kuma kin je Pune kin..." Ya zagaya tanki guda ya dawo. Ya gyara hula. Ya leƙa ƙofa ya tabbata babu kowa. Sannan ya rage murya.

"To... yaya take?"

"Baba, in faɗa a matsayin 'yarka ko..."

"Faɗi kawai."

"Kamar an ƙona zabibi an jiƙa shi da kananzir."

Ya zauna a kan wani bokiti da aka kife. Ta tsuguna a gabansa ta yi masa bayani a hankali, yadda shi yake yi wa sababbin 'yan ƙwadago: inabin yana wuce lokaci kafin a girbe, rumfar kwanon tana ɗaukar zafi har giyar tana dahuwa a cikin tanki.

"Wa ya ce maka ƙarfi ake nema?"

"Kawunki."

"Baba! Kawu Uttam abin da yake sha a leda ake sayarwa."

Ashe duk shekarun nan kwandasta ɗaya yake yi wa giya, kuma yana mamakin da Mumbai ba ta saya ba.

Wajen cin abinci ya tare Manda. "Kin san yarinyar nan tana sha, ba ki gaya mini ba?"

"Aho, kai kake cika tanki, ni zan hana ta kofi?" Ta ƙara masa miya. "Ci, kafin ta huce."

Ba a daɗe ba suka raba aiki, shi da Rutuja. Duk abin da ke ƙarƙashin rana nasa ne, daga bakin rumfa zuwa ciki nata. Ta sa aka lulluɓe tankunan da bututun ruwan sanyi, aka koma girbi da wuri, da sanyin safiya. Ranar girbi kuwa ba ta taɓa yankewa ita kaɗai ba. Sai ta bi shi layi-layi yana cirar ƙwaya yana taunawa har ƙwallon, ya ce wannan ɓangaren gobe, wancan a ba shi lokaci. Sukan yi faɗa, ita da na'urarta ta auna zaƙi, shi da haƙoransa. Wani lokaci ita ce da gaskiya, wani lokaci shi. Ta cire "Shato" daga jikin kwalba, Manda ta sanar a bakin famfo cewa ya koma Kolkata.

Giyar ba ta girgiza duniya ba. Amma wasu gidajen abinci a Pune suka saya, suka sake saya, daga baya na Mumbai ma suka bugo waya. Tanki ya fara ganin gindinsa.

Abu ɗaya ne ya hana Kashinath sakewa: Uttam ya daina zuwa. Ya ajiye aiki ya koma Kalwan da zama, ko bikin fitilu bai leƙo ba. Kashinath ya san dalili. An ari harshen mutum shekara da shekaru, rana ɗaya an mayar masa ko godiya babu. Don haka wata safiya ya ɗauko kwali guda na tsohuwar giyar, wanda ya ɓoye a ɗakin albasa kafin Rutuja ta zubar da sauran, ya ɗaura a bayan babur ya nufi Kalwan.

Ya tarar da Uttam a ƙofar gida cikin singileti yana karanta jarida.

"Na kawo maka irin taka," in ji Kashinath, yana sauke kwalin. "Tsohuwar, mai ƙarfi. Ka yi haƙuri da yarinyar nan, 'yan zamani ne."

Uttam ya dubi kwalin kamar an kawo masa sammaci. Ya naɗe jaridar a hankali.

"Daji, zauna. Ni ba fushi nake ba. Hutawa nake."

"Hutun me?"

"Na rantse da kan 'ya'yana, abin nan tun kofin farko bai shiga ba. Na sha na leda, na sha na bayan tasha wanda ba a tambayar da me aka dafa, ban taɓa haɗuwa da irin naka ba."

Kashinath ya buɗe baki. "To don me ka ce tana da ƙarfi?"

"Ai tana da shi! Ƙarya na yi? Ka tsaya a kaina kamar yaron da ke jiran sakamakon jarrabawa, Yaya Manda tana leƙowa ta taga, me kake so in ce? Ni kwandasta ne, Daji. Aikina in ce 'akwai wuri, akwai wuri' ko mota ta cika maƙil."

"Shekara bayan shekara, Uttam! Kana cewa ta bana ta fi ta bara!"

"Ƙarfi take ƙarawa mana. Na yi zaton in na jure za ka gaji ka koma albasa. Ni na fara gajiya."

Kashinath ya so ya yi fushi, ya nemi inda zai kama ya rasa. Ya dubi Uttam, da furfurarsa da tumbinsa, mutumin da ya yi ta zubar da hawaye saboda zumunci shi kuma yana ɗauka na daɗi ne. Dariya ta kufce masa, ya yi ta yi har hularsa ta faɗi a ƙasa, Uttam ma ya kama, maƙwabta suka leƙo. Matar Uttam ta fito da shayi, ta ga kwalin, ta ce a bar mata, an gaya mata irin giyar nan tana fitar da tsatsa.

Bayan nan ba da jimawa ba likita ya duba hantar Uttam ya ce ya isa haka. Zaman gida ya ishe shi, sai ya dawo Dindori yana taya aiki ranakun hutu, shi ne mai yanka wa baƙi tikiti a ƙofa, aikin da ba wanda ya fi shi iyawa. In baƙi sun ragu, tsofaffin biyu sukan zauna a benci ƙarƙashin mangwaro, kowa da kofin shayinsa.

A nan wani saurayi mai gajeren wando ya same su ranar wata Lahadi, da kwalba a kowane hannu, ya ce don girman su su gaya masa wacce ta fi tafiya da soyayyen kifi.

"Ja," in ji Kashinath, wanda bai taɓa sa kifi a baki ba.

"Fara," in ji Uttam. "Daji, kai me ka sani?"

"Ni na noma su."

"Ni na sha su."

"Ka sha waɗannan?"

"Na sha kakanninsu."

Saurayin ya tsaya yana duban wannan yana duban wancan, har Rutuja ta jiyo hayaniya ta fito daga rumfa tana goge hannu, ta karɓi kwalaben ta ce masa ya biyo ta. Su kuwa ba su ma lura ya tafi ba.